Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Gargaɗi a kan Siffar Ƙoƙon Kai

Akwai wani abu da ya kan tayar da hankalin mutane a ƙasarmu ta Tsibiri, tun daga Talata Mafara har Bakura da Maradun. Manomi ya kan haƙo dankali a fadamar Bakolori, ya ga ramu biyu a sama da ɗaya a ƙasa, sai ya ce ga kan matacce. Mace ta kan dubi bangon ɗakinta bayan damina, inda ruwa ya zaizaye yaɓe, ta ga idanu biyu da haƙora. Makiyayi ya kan ga haka a jikin suri, ko a kututturen kuka. Daga nan barci ya ƙaurace wa gida, a ce an yi jifa, ko kuwa ajalin wani ya kusato. Ina roƙonka ka karanta wannan 'yar takarda a natse, domin ka san yadda ya kamata mai-bi ya yi sa'anda ya gamu da irin wannan.

Da fari sai ka san mafarin abin. Allah ya halicci idon ɗan Adam da saurin gane fuska. Masana sun gwada, sun tarar jariri sabon haihuwa ya fi juya idonsa wajen zane mai ɗigo biyu a sama da ɗaya a ƙasa. Wannan alheri ne, gama da shi yaro ya ke sanin uwarsa, da shi kuma matafiyi ya ke gane mutum a cikin duhun magariba. Amma saboda saurin nan ido ya kan riga hankali. Ko'ina ya sami ramu uku a jere haka, sai ya haɗa fuska. Ƙoƙon kai kuwa siffarsa ba ta da wuyar samuwa: abu mai kewaye, da ramu biyu, da tsaga. Dubi sunan ma da kakanninmu suka ba shi. Sun ga ya yi kama da ƙoƙon da a ke shan fura, suka kira shi ƙoƙon kai. Ashe tun dā sun san kamannin, ba su kuwa bar shan fura ba.

Ka ɗauki kwakwa a kasuwar Talata Mafara, ka duba gindinta, za ka ga idanu uku. Akwai kuma wani babban malam-buɗe-littafi na dare, a nan Afirka da ƙasar Turai, mai zanen ƙoƙon kai a bayansa. Ya kan shiga amya ya sha zuma, idan an taɓa shi ya yi ɗan kuka. Turawan dā sun ji tsoronsa ƙwarai, suna cewa manzon annoba ne, alhali kuwa ƙwaro ne mai neman abincinsa. A shekarar 1976 wani kumbo na Amurka mai suna Viking 1 ya ɗauko hoton tauraron Mars, aka ga wani abu kamar fuskar mutum, mutane da yawa suka ce aikin waɗansu halittu ne. A 2001 aka sāke ɗaukar hoton wurin da na'ura mafi kyau, sai ga shi tudu ne, inuwa ce ta yi masa idanu. Gaskiyar Hausawa da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

To, ga abin da ya shafe mu mu masu-bi. Wurin da aka gicciye Ubangijinmu Yesu sunansa Golgota, ma'anarsa kuwa ƙoƙon kai. Tun zamanin sarki Kustantin masu-bi su ke zuwa wani wuri a Urushalima inda aka gina majami'a a kan kabarin, aka keɓe ta a shekarar 335. Amma a 1842 wani malamin Jamus, Otto Thenius, ya nuna wani dutse dabam a arewacin birnin, kusa da Ƙofar Dimashƙu. A 1883 Janar Gordon na Ingila, wanda aka kashe a Hartum a 1885, ya zauna a Urushalima, ya ƙarfafa wannan magana, har a ke kiran dutsen da sunansa. Fuskar dutsen tana da koguna biyu kamar idanu, da hanci a tsakani, dubban masu-ziyara suna ta zuwa kallo. A 2015 aka yi hadari mai ƙarfi, hancin ya karye ya faɗi. Ka yi tunani a kan wannan, ɗan'uwana. Wanda ya jingina bangaskiyarsa ga siffar dutse, ruwan dare ɗaya ya isa ya rushe ta. Cetonmu yana rataye ga Wanda ya mutu a wurin, ya kuma tashi a rana ta uku. Idan siffar da ke Urushalima ba ta da ikon ceto, yaya siffar da ke jikin dankali za ta sami ikon hallakarwa?

Saboda haka ga gargaɗi huɗu.

Na fari, ka matsa kusa ka duba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mai-hankali ya kan kawo fitila. Ka juya abin, ka dube shi da rana tsaka, ka sa yatsa a ramin. Sau da yawa za ka tarar tsutsa ce ta ci, ko gara, ko ruwa. Ka kira yaran gida ka nuna musu yadda fuskar ta ke ɓacewa sa'anda inuwa ta kau, domin kada su girma cikin bautar tsoro.

Na biyu, kada ka kai kuɗinka wurin boka. Ba zai ce maka tsutsa ce ba, gama da tsoronka ya ke cin abinci. Zai nemi baƙar kaza, gobe ya nemi akuya, har buhun shinkafar da ka tanada domin iyali ya tafi. Mai-bi wanda ya yi addu'a ran Lahadi, ya tafi wurin duba ran Litinin, ya raba zuciyarsa biyu.

Na uku, wannan kuwa ya fi duka nauyi: ka tsare harshenka. Da zarar an ce jifa ne, sai a tambaya, wa ya jefa? Ba a kan nuna mai-ƙarfi ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa a ke nunawa, ko kishiya, ko baƙon da ya zo noman rani. A kira ta mayya, a hana yara cin tuwonta, a kore ta daga gidan da ta tsufa a ciki, wani lokaci har a ɗora mata hannu. Wannan shaidar zur ce, tana kuwa cikin abin da Dokoki Goma suka hana. Ramin da tsutsa ta yi ba ya zama shaida a kan mutum, a gaban alƙali ko a gaban Allah. Idan ka ji an fara irin wannan magana a unguwarku, ka tsaya wa wanda a ke zargi, ko Kirista ne ko Musulmi, gama maƙwabcinka ne.

Na huɗu, kada ganin ya wuce ka a banza. Abin bai san ranar mutuwarka ba, amma ya tuna maka da gaskiya guda: kan nan da ka ke naɗa wa rawani, wata rana ƙoƙo zai zama. Sarki da talaka, a cikin ƙasa ba a rarrabe kawunansu. To, idan akwai bashin da ka danne, ka biya. Idan akwai ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa ba, ka tafi ƙofarsa yau. Idan mudun awonka ya kasa, ka gyara shi kafin kasuwa mai zuwa. Mai-camfi ya kan ga siffar nan ya nemi wanda zai zarga. Kai ka gan ta ka binciki zuciyarka.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai ka ba mu ido, ka ba mu hankali kuma da za mu gwada abin da ido ya gani. Ka fitar da tsoron banza daga gidajenmu. Ka tsare bakinmu daga ɓata sunan marar-laifi. Ka shirya mu domin ranar da kai kaɗai ka sani, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.