Ɗalibi a Ƙasar Baƙunci: Ya Fita ko Ya Kulle Ɗaki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wasiyyar da kusan kowane uba ke yi wa ɗansa ranar da zai hau jirgi a Yamai don tafiya karatu Faransa: ka riƙe salla, ka kama karatunka, kada ka bi yawo. Biyun farko babu gardama a kansu. Ta ukun ce muke son mu duba, domin da yawa daga cikinmu ba mu san irin zaman da muke tura ƴaƴanmu su yi ba.

Ɗalibin da ya sauka Pari ko Liyon, in ya yi sa'a, yana samun ɗan ɗaki a gidan kwanan ɗalibai, wanda sau da yawa bai wuce murabba'in mita 9 ba. Cikin watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5 na marece, ga sanyi mai shiga ƙashi. Babu kiran salla daga titi, babu fada da shayi a ƙofar gida, babu maƙwabcin da zai yi sallama ya shigo. Doka ta ba shi damar yin aiki har awa 964 a shekara, sai ya raba kansa tsakanin aji da neman kuɗin haya. Yaron da ya tashi yana sa hannu cikin kwano ɗaya da ƴan'uwansa, ya wayi gari yana ci shi kaɗai.

Ana haka sai abokan karatunsa su ce ya zo a fita tare ranar Asabar. To, me ya kamata ya yi?

Wani zai ce ya kulle ɗakinsa, shi ne tsira. Amma kaɗaici ba taƙawa ba ne. Wanda ya yi watanni babu mai tambayar lafiyarsa, zuciyarsa takan yi rauni, kuma a hannunsa akwai waya da ke iya kawo masa cikin ɗaki abin da ya guda a waje. Wani kuma zai ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka liƙa. Wannan karin magana ba ta aiki a kan abin da Allah Ya haramta.

Addini ya nuna hanya tsakanin biyun. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya yarda da shi, ya zauna shekara fiye da 10 a Habasha ƙarƙashin sarki Najjashi, cikin jama'ar Kirista, bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, ya dawo da addininsa da mutuncinsa. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ita kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta koyar da amsa gayyatar walima muddin babu munkari bayyananne a wurin. Ke nan abin dubawa shi ne wurin da za a je da abin da za a yi a can.

Saboda haka ɗalibi ya je kallon ƙwallo, ya ziyarci gidan tarihi, ya taka bakin kogi da abokansa, ya ci kifi da su a gidan abincin jami'a. In an kai ga teburin da ake shan giya, hadisi ya hana zama, sai ya yi sallama cikin ladabi ya tashi. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya faɗi matsayinsa tun ranar farko: ba ni shan giya, ba ni cin alade, ina salla. Mai faɗa sau ɗaya ya huta, mai ɓoyewa kuwa kullum sai ya nemi sabon uzuri, har ranar da uzurin zai ƙare. Ya kuma zama mai gayya, ya dafa shinkafa da miya ya kira su ɗakinsa, domin mai masauki shi ke da ikon abin da za a ɗora bisa tebur. Ranar Juma'a ya nemi jam'i: babban masallacin Pari yana nan tun 1926, na Liyon tun 1994.

Mu kuma iyaye, in mun kira, kada tambayarmu ta tsaya ga jarrabawa da kuɗi. Mu tambaye shi da wa ya ci abinci jiya, ina ya yi sallar Juma'a, wa zai kai shi likita in ya kwanta. Ɗan da ya san zai iya gaya wa mahaifinsa inda ya je ba tare da an zage shi ba, da wuya ya je inda ba zai iya faɗa ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani da abokai na gari, Ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.