Shin Asara Shaidar Kuskure Ce?

Duk wanda ya san Wapa da ke Fagge ya san cewa ɗan canji kan sayi dala da safe bai san farashinta na yamma ba. A watan Yunin 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, farashin dala na hukuma ya tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 600 a yini guda. Haka kuma a watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. To, mutumin da ya rasa dukiyar amana a irin wannan hali, laifi ya yi ko ƙaddara ce ta faɗa masa?

Masana lissafi sun daɗe suna nazarin yadda ake sarrafa abin da ba shi da tabbas. Richard Bellman na Amurka ya nuna a 1957 cewa abin da ake tsarawa ba mataki ɗaya ba ne, ƙa'ida ce da ke faɗin abin yi a kowane hali aka tsinci kai. A 1960 Rudolf Kalman ya fito da hanyar auna hasashe da sabon labari, a ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa. Da ita aka yi wa kumbon Apollo jagora zuwa wata.

Darasin a nan shi ne, ana auna shawara da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta. Ɗan kasuwar da ya raba kayansa rumbu biyu, ya bi labarin kasuwa, ya sanar da mai dukiya haɗarin da ke ciki, ya sauke nauyi ko da ya faɗi. Wanda kuwa ya zuba kuɗin marayu wuri guda bisa jita-jita, ya ci amana ko da ya ci riba. Sa'arsa ba ta wanke shi ba.

Mu marubuta ya kamata mu yi hattara. Sau da yawa a littattafanmu mukan talauta mugu mu azurta nagari, har mai karatu ya ɗauka duk wanda ya karye alhaki ne ya kama shi. Wannan zalunci ne ga bayin Allah da suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an yi shiri. Mu riƙa tambayar yadda mutum ya yanke shawara kafin mu tambayi abin da ya samu.