Tsoro Iri Biyu

Ya ɗan'uwana mai karatu, ga tambaya wadda ta cancanci tunaninka: shin dukan tsoro zunubi ne? Waɗansu sun ce i, har su kan ga laifin uwa wadda gabanta ya faɗi domin ɗanta yana zazzaɓi. Waɗansu kuwa sun ce damuwa ita ce shaidar hankali, wai wanda ya ke barci da minshari bai san duniya ba. Dukansu sun kauce, gama tsoro iri biyu ne. Akwai wanda ya ke tsaron mutum, akwai wanda ya ke ɗaure shi.

Na farin baiwa ce daga wurin Allah. Sa'ad da ka ga kububuwa a kan hanya, kafin ka yi shawara ka riga ka yi tsalle. Likitoci sun bayyana dalili: akwai 'yan tsoka biyu ƙanana a bisa ƙoda, su ne su ke zuba wani ruwa cikin jini, sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, ƙafa ta sami ƙarfin gudu. In macijin ya wuce, jiki ya koma yadda ya ke. Irin wannan tsoro ne ya ke sa manomi ya gyara rumbunsa tun hatsi yana gona. Yusufu, da ya san shekara bakwai na yunwa suna tafe, ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi. Ƙasarmu kuma ta ɗanɗana yunwar 1914 da farin 1973. Saboda haka kada kowa ya ce mai tanadi ya rasa bangaskiya.

Na biyun shi ne damuwa. Jiki ba ya rarrabe macijin da ke kan hanya da macijin da ke cikin tunani. Mutum yana kwance a ɗakinsa, ƙofa a rufe, amma zuciyarsa tana bugu kamar ta wanda a ke kora. Barci ya ƙaurace masa, tuwo ya zama kamar ƙasa a bakinsa, da safe ya fita gona ba ƙarfi. Ga ma'aunin da za ka gane su da shi. Ka tambayi tsoronka, "Me ka sa ni yi?" In ya sa fartanya a hannunka, ko ya kai ɗanka asibiti, bara ne mai aminci. In kuwa kwana uku kana juya magana ɗaya ba ka ɗaga ko tsinke ba, ya zama ubangidanka.

Daga ina wannan damuwa ta ke tsirowa? Sau da yawa daga rashin sani. Dubi kuturta. Mutum ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, sai ya rufe shi da riga shekara da shekaru, domin tsoron sunan da za a kira shi. Alhali tun 1873 wani likita a ƙasar Norway, Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo ta. Tun 1981 akwai haɗin magunguna da ke kashe ta, yanzu cikin wata 6 ko 12 a ke gama shan sa, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi. Wanda ya je da wuri ya kan tsira da yatsunsa. Wanda ya ɓuya kuwa, ka faɗa mini, cuta ce ta ci hannunsa, ko tsoro?

Tana tsirowa kuma daga ɗaukar kayan gobe a kan yau. Cikin Littafin Fitowa, sura 16, an ba da labarin abincin da Allah ya sauko wa Isra'ilawa da shi a jeji. An umurce su kowa ya ɗebi na yini ɗaya. Waɗansu suka ɓoye saura domin safiya, da gari ya waye sai ga shi ya yi tsutsa yana wari. Kada ka ce wannan ya saɓa wa shawarar Yusufu. Hatsi a kan ajiye shi a rumbu, amma ƙarfin zuciya ba shi da rumbu. Kowace safiya a ke auna maka mudunka. In ka ce yau za ka yi kukan mutuwar da ba ta zo ba, da kunyar da ba a ba ka ba tukuna, da wane ƙarfi za ka ɗauke su? Domin wannan ne Ubangijinmu Yesu, cikin Matta sura 6, ya nuna wa almajiransa tsuntsaye. Ka lura da su da kyau. Tun asuba su ke fita nema, ba su zaman jira a sheƙa, amma da dare barcinsu su ke yi.

Kada ka ɗauka cewa damuwa wahala ce ta mai ita kaɗai. Tana haifar da zunubi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, farkonsa kuwa a gaban wata baiwa ne, wadda ba ta riƙe da takobi. Tsoron bakin mutane ya ke sa mai gida ya ci bashin da ba zai iya biya ba domin bikin kwana biyu. Tsoro ya ke kai kuɗin makarantar yara gidan boka. Shi ne kuma ya ke sa a nuna wata tsohuwa marar gata a ce mayya ce, domin yaro ya mutu an rasa wanda za a ɗora wa laifi. Matsoraci ba shi da sararin yin alheri, gama hannuwansa biyu suna riƙe da kansa.

Watakila za ka ce, "Malam, ai masifa ta kan zo da gaske. Akwai hanyoyin da a ke tare matafiya, akwai daminar da ba ta kai ba." Gaskiyarka. Ba a yi wa mai bi alkawari cewa wahala za ta ratse gidansa ba. Bulus yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa mutanen Filibi wasiƙar da ta cika da maganar farin ciki. Abin da a ka alkawarta shi ne, ba za ka shiga cikinta kai kaɗai ba. Mai damuwa kuwa, in abin bai zo ba ya sha wuya a banza, in ya zo ya sha sau biyu.

To, ga abin yi. Ka kira tsoronka da sunansa, da rana tsaka, gama tsumma a cikin duhu maciji ne. Sa'an nan ka raba shi biyu. Abin da ke hannunka, ka yi shi yau: ka je a duba tabon, ka tafi wurin mai binka bashi ku yi magana, ka bincika labarin da ka ji a waya kafin ka tsorata maƙwabta da shi. Abin da ba ya hannunka, ka kai shi gaban Allah cikin addu'a tare da godiya, ka tashi ka bar shi can. Ka kuma faɗa wa wani dattijo amintacce cikin ikilisiya. In makonni sun wuce barci ya ƙi, zuciya ba ta kwanta ba, ka ga likita ba tare da kunya ba. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga gaban Yezebel har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci a ka fara ba shi, kafin a yi masa magana.

Allah ya ba ka hankalin yin tanadi, ya ba ka kuma zuciyar da za ta iya kwanciya bayan ta yi iyakar ƙoƙarinta. Amin.