Abin da Rai Ya Ƙi da Abin da Allah Ya Hana

A garinmu Ɗan Isa, kamar sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda, abin ruwa da muka yarda da shi kifi ne kawai: tarwaɗa, ƙarfasa, gaiwa idan fadama ta janye, sai busasshen da ake sarowa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yaro in ya tono ƙaguwa a bakin gulbin Gagare, wasa zai yi da ita ya yar. Ka tambayi uwarsa dalili, amsar a bakinta take: haramun ce. Haka ake cewa a kan dodon koɗi. Da wannan muka tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi littafin da ya faɗi haka ba.

Ni a ganina wannan kalma ta yi mana arha a baki. Haramtawa haƙƙin Allah ne shi kaɗai, amma mun mai da ita sunan duk abin da iyayenmu ba su ɗora a murhu ba.

Shekarar da muka je Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, a Kasabalanka jirgi ya sauke mu. Muka yi Azahar a masallacin Sarki Hassan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993, teku na dukan gindin gininsa. Daga nan wani ɗalibi ɗan Kano da ke yi mana jagora ya kai mu gidan cin abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Tun daga ƙofa ƙarnin kifi ya tarbe mu. Aka kawo burodinsu mai faɗi da zaitun, sannan aka dire babban faranti a tsakiya, an yanka lemun tsami a gefe. Akwai kifin sadin, irin na gwangwanin Titus da ke kowane shago a Ƙaura, wanda dama daga Maroko ake kawo shi. Amma a kansa an tula jatanlande da gashin bakinsu da idanunsu, ga kuma wani abin teku mai hannuwa da yawa an yanka shi zobe-zobe an soya.

Wani dattijo daga wajen Zurmi, wanda duk muke kira Baba Alhaji, ya janye hannu ya haɗe rai.

"Wanga kuma mi na? Muna baƙin Shehu za a ba mu ƙwari? Ku ɗauke shi, haramun na."

Ɗalibin ya rusuna ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Mutanen nan Malikawa ne irinmu, Risalar da kuka karanta a zaure ita suke karantawa."

Baba Alhaji bai ci ba. Aka dafa masa tajin na kaza a 'yar tukunyar nan ta ƙasa mai murfi kamar malfa, ya ci ya yi hamdala, ya bi da shayin na'ana'a. Ban ga laifinsa ba a kan ƙin ci. Hukuncin da ya yanke ne ya tsaya mini a rai, domin saurayin da ya kawo farantin yana tsaye yana kallonmu, kuma ko bai ji Hausa ba, kalmar haram ya ji ta sarai.

Abin mamaki, mazhabar da muke tinƙaho da ita ta fi kowace faɗi a wannan babi. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hadisin da ke nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A kan haka Malikawa suka tafi cewa abin da ke rayuwa a ruwa ana cinsa, kifi ne ko ba kifi ba, kuma ba ya bukatar yanka. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Wato Baba Alhaji, ba tare da ya sani ba, fatawar Abu Hanifa ya bayar a ƙasar da ta daɗe tana bin Malik.

Dodon koɗi ma, da ake dafawa da romo ana sayarwa a bakin titunan Maroko, an tambayi Malik a kansa da kansa. Yana cikin Mudawwana ta Sahnun. Ya daidaita shi da fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi, wanda aka tsinta matacce ba a ci. To mu tsaya a nan. Fara dai mun san ta. Buhu-buhu ake shigo da ita daga Nijar, a soya, a barbaɗa yaji, 'yan mata su yi ta ɗauka a ƙofar makarantu. A mashahurin zancen mazhabarmu, farar da ta mutu da kanta ba ta halatta. Wa ya taɓa tsayar da mai tallar fara ya tambaye ta ko da rai aka kama, ko bayan feshin magani aka share ta a gona? Inda shari'a ta sa sharaɗi mun wuce ba tambaya saboda bakinmu ya saba, inda ta sake kuma mun ɗaure.

Na san abin da wani malami zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Ai Suratul A'arafi ta siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da halatta daɗaɗa da haramta ƙazanta. Ashe ƙyamar da lafiyayyen mutum yake ji ba hujja ba ce? Shafi'awa sun ba wannan muhimmanci, har suka sa ɗabi'ar Larabawa ta zama ma'auni a inda babu nassi. Sai dai tambayar ita ce, ƙyamar wa? Ta mutumin Ɗan Isa da bai taɓa ganin teku ba, ko ta masuncin Kasabalanka da a bakinta aka yanke masa cibi? In kowane gari zai mai da tashin zuciyarsa shari'a, halal da haram za su riƙa canzawa a kowace tashar mota.

Annabi da kansa ya raba gardamar a ɗakin Nana Maimuna. An kawo gasasshen damo, ya miƙa hannu, da aka faɗa masa ko mene ne sai ya janye. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne. Ya amsa masa cewa a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallo. Bukhari da Muslim duk sun kawo ƙissar. Wanda ake saukar wa wahayi ya ji ƙyama, ya kira ta da sunanta, ya bar ta a matsayin abin da ya shafe shi shi kaɗai.

Wani zai ce, mene ne abin ɗaga jijiyar wuya a kan jatanlande, mu da muke fama da tsadar masara da rashin kwanciyar hankalin zuwa gona? Illar ba a faranti take tsayawa ba. Da irin wannan fatawa ta bakin murhu muke auna musuluncin wasu. Bayarabe musulmi ya zo ci-rani Ƙaura, a ga dodon koɗi a miyarsa, shi ke nan an fara ƙus-ƙus a kan sallarsa. Kuma Suratun Nahli, aya ta 116, ta yi kashedi mai tsanani ga masu sakin harshe suna cewa wannan halal ne wancan haram ne ba da izinin Allah ba. Mai haramta halal da mai halatta haram duk a ayar suke.

Abin da ya cancanci tambaya a irin waɗannan gidajen abinci na bakin teku shi ne giya, domin wasunsu suna sayarwa. Ɗalibin nan ya bincika wannan tun kafin mu shiga, mu kuwa ba wanda ya tuna.

Malaman zaure, Allah ya gafarta muku, in an zo babin abinci ku faɗa wa almajirai abin da ke cikin littafi ko da ya saɓa wa tukunyar gida. Kai kuma ɗan'uwa, in an ajiye maka abin da ranka bai kwanta da shi ba, ka ce ba ka saba ba, ka nemi wani. Ba wanda zai tilasta maka, kuma ba ka yi wa Allah ƙarya ba.