Zuwa ga Ƙanena a Sabon Birni, Kan Rasuwar Inna



Labarin ya iske ni a Sakkwato bayan sallar Asuba, kafin in samu motar da za ta kama hanyar Goronyo har an kai Inna makwancinta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara.

An gaya mini abin da ka faɗa a wurin zaman makoki, wai wahalar ceto ka ce ta karya ta, wai kai ka ja mata. Maganar nan ta hana ni barci, ita ta sa na zauna rubuta maka.

Kana daji lokacin, ba ka ga abin da muka gani ba. Ƙarshen daminar 2021 ne 'yan bindiga suka tare ku a hanyar Isa, daidai lokacin da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da namu, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanni. Awakin da ta yi shekaru tana kiwo, a tsakar gida ta sayar da su a wulaƙance, ba ta ko tsaya ciniki ba. Kullum da sassafe takan ƙulle 'yar wayarta a bakin zane ta nufi wajen iyaka, inda ake kama layin Nijar, ta zauna gindin wata aduwa tana jiran kiran mutanen da suka riƙe ka. Rannan na raka ta. Suna zaginta ta waya, ita kuwa sai "Allah Ya huci zuciyarku" take cewa, muryarta ba ta rawa. Sai da ta kashe wayar na ga hannunta na karkarwa.

Ka tuna fim ɗin nan na Koriya ta Kudu da muka kalla a wayarka kafin duk wannan? Mother, wanda Bong Joon-ho ya shirya a 2009. Kim Hye-ja ce ta fito uwa mai sayar da saiwoyin magani, aka kama ɗanta mai raunin hankali da laifin kashe wata 'yar makaranta, ta fita ita kaɗai neman wanke shi. Akwai wurin da take yankan ganye, idonta na kan ɗan nata a tsallaken titi, har ta yanke yatsa ba ta ji ba. Kai da bakinka ka ce, "Wallahi kamar Inna." Amma waccan, da gaskiya ta zo mata da ɗaci, sai ta kashe tsohon da ya ga abin da ya faru, ta bari aka ɗaure wani yaro marar gata a madadin ɗanta. Inna ba ta taɓa haƙƙin kowa ba. Ranar da wasu suka nuna mata wani gida suka ce ɗan gidan ne ya ba da labarinka, cewa ta yi ba ta gani da idonta ba, kuma shi ma akwai wadda ta haife shi.

Ka dubi ƙasar nan tamu. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa, iyaye da yawa ko gawar da za su gane ba su samu ba. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga, duk da sarautarsa. Inna ta roƙi Allah Ya nuna mata kai da rai, Ya kuwa nuna mata. Ta dafa maka tuwo, ta ga aurenka, ta goya ɗiyarka. Ajali kuwa nata ne tun kafin a haife ka.

Ka yi kuka, ba laifi, ni ma ina yi. Amma ka daina faɗar waccan magana, don da tana ji, da ta tsawata maka. Ka riƙa yi mata addu'a bayan kowace salla, ka kuma leƙa maƙwabtan da suka ranta mata kuɗi a wancan lokaci, in akwai saura mu haɗu mu biya.

In Allah Ya yarda ina tafe ranar sadakar bakwai, zan biyo motar safe. Ka gaida amarya, ka ce mata ta ajiye mini tasbahar Inna in ba wanda ya riga ni.