Haƙƙin Mai Kafa Doka Da Haƙƙin Mai Bin Ta

Kowace shekara majalisun dokoki na jihohi sukan tashi da tarin takardu a gabansu, wannan ta aure, waccan ta makaranta, wata ta bara, wata ta lafiya. Hanyar da takarda ke bi kafin ta zama doka sananniya ce. A karanta ta sau biyu, a miƙa wa kwamiti ya tace, a yi karatu na uku, sa'an nan a kai wa Gwamna, wanda Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi kwana talatin ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai suka sāke yarda, ta zama doka ko babu hannunsa. Duk wannan tsari ne mai kyau, amma babu inda ya tilasta wa wakili ya tsaya ya tambayi kansa: shin mutumin da za a ɗora wa wannan kaya yana da wuyan ɗaukarsa?

To, a nan ne hankulan mutane suka rabu. Waɗansu sun ce doka malama ce, ita ke shiga gaba, jama'a su biyo ta a hankali. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Lokacin da aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa cikin 1936, ba don zukatan iyayengiji duka sun sauya aka yi ba. Da an ce sai kowa ya yarda, da an daɗe ana jira. Waɗansu kuma sun ce dokar da ba a iya bi guba ce, gama tana koya wa talaka raina doka, tana kuma buɗe wa mugun ma'aikaci ƙofar karɓar toshiyar baki, tun da kowa ya zama mai laifi, sai wanda aka ga dama za a kama.

Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, sai dai sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba, watau hani da umarni. Dokar da ta ce kada ka sayar da mutum, ko kada ka tauye mudu, ba ta neman kome wurin mutum sai ya janye hannunsa. Matalauci da mawadaci duk suna iyawa. Amma dokar da ta ce ka yi kaza, wannan tana bukatar guzuri, kuma wanda ya yi umarnin ya ɗauki bashin guzurin a wuyansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka. Hajji ba ya wajaba sai ga mai iko, wanda ya rasa ruwa kuwa an ba shi taimama. In Shari'a ta sa iko ya zama sharaɗin wajibi, ina dalilin da majalisar mutum arba'in za ta tsallake shi?

A dubi dokar da Jihar Kano ta kafa cikin watan Mayu na 1924 da ɗari, watau 2024, wadda ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, a duba ƙanjamau da ciwon hanta da kuma irin jinin da ke haifar da amosanin jini. Manufarta babu mai hankalin da zai kushe. Likitoci sun tabbatar cewa in miji da mata duka suna ɗauke da irin wannan jini, ko da su kansu lafiyarsu lau, kowane ciki da matar ta ɗauka yana cikin hatsarin ɗaya bisa huɗu na zuwa da ciwon. Wanda ya taɓa kwana kusa da ɗakin da irin wannan yaro ke kukan ciwon ƙashi ba ya bukatar a yi masa wa'azi. Amma fa ɗan birni zai taka zuwa asibiti ya dawo kafin azahar, shi kuwa manomin da ke can ƙauye sai ya biya kuɗin mota na mutum biyu, da kuɗin gwaji, ya kuma bar gonarsa yini guda. In ba a kusantar masa da wurin gwaji ba, ɗayan biyu za a samu: ko a ɗaura auren a ɓoye, ko a sayi takardar shaida ta ƙarya. Ta biyun ta fi muni, domin iyaye za su saki jiki da takarda, cutar kuwa ba ta karatu.

Hana bara, wanda gwamnatin Kano ta yi shelarsa cikin 2020, ya fi wannan rikitarwa. A baki hani ne, amma in an tona umarni ne, domin ma'anarsa ita ce almajiri ya nemi tuwonsa ta wata hanya. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da wata hanya. Saboda haka nauyin ya koma kan uban da ya turo shi, da gwamnatin da ta hana shi, kuma kama yaron a titi bai sauke wa ko ɗayansu nauyi ba. Haka kuma dokar ilmin tilas ta tarayya ta 2004 ta tanadi horo ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, amma alƙali mai tsoron Allah zai so ya ji ko garin yana da aji da malami kafin ya ci uban tara.

Akwai misalin yadda magabata suka yi da wata doka mai nauyi. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da wani alƙali daga Pakistan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da waɗansu. Daga shawararsu aka tsara dokar laifuffuka ta Final Kod, majalisa ta yarda da ita cikin 1959, amma ba ta soma aiki ba sai ran 30 ga Satumba 1960. A tsakani aka juya ta da Hausa, aka riƙa kai alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e Zariya ana koya musu. Har ma aka ce da fari kotunan nan su riƙe ta jagora tukuna, kada a rushe hukuncin alƙali don kurum ya yi tuntuɓe a ƙa'idar da bai saba da ita ba. Mutane sun yi gardama a kan abin da ke cikin dokar, har yanzu ma ana yi, amma sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce majalisun yanzu aiki ya yi musu yawa, ba su da sukunin irin wannan shiri. Amsar tana cikin littafin majalisar Kano kanta. Dokar ƙara masarautu ta 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, wadda ta soke ta cikin 2024 ma haka. Dokar kāre haƙƙin yara kuwa, wadda tarayya ta kafa tun 2003, sai 2023 aka sa wa ta Kano hannu.