Abin Lura: Mai Ƙara da Mai Shiru a Cikin Tsohuwar Mota

Yawancin motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun girmi wasu daga cikin direbobinsu. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, har gobe ita ce jakar hanya. Ranar Alhamis za ka gan ta ta nufi kasuwar Shinkafi, fasinja a ciki, buhuna a but. A jikinta akwai abubuwa biyu da halinsu ya sha bamban, wato salansa da taimin bel.

Salansa ba ta da kawaici. Da zarar rami ya buge ta ko tsatsa ta huda ta, sai ta cika gari da ƙara, direba kuma ya garzaya wurin mai walda. Gyaran nan yana da amfani fiye da kashe ƙarar, domin hayaƙin da ke tsiyayowa ta ɓular yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shigo ta ƙasan mota, musamman lokacin hunturu da ake rufe gilasai, takan jawo ciwon kai da gyangyaɗi, wani lokaci har suma.

Shi kuwa taimin bel yana can lulluɓe a bayan murfi, ba a ganinsa. Ɗamara ce ta roba mai haƙora, wadda ke haɗa juyin karanshaf da na kamshaf, don bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna sarƙar ƙarfe gare ta, ita kuwa takan yi kwaramniya in ta saki. Roba ba ta wannan gargaɗin. Zafi da shekaru da baƙin man da ke ɗiga a kanta su ke cin ta a hankali, har ranar da za ta tsinke. Nan take inji zai mutu, kuma a injuna da yawa fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji. Mun kuma san abin da ake nufi da mota ta mace a dajin da ke tsakanin Ƙaura da Zurmi a wannan zamani na 'yan bindiga.

Shi ya sa ba a jiran bel ya nuna alama. Kamfanoni kan ba da wa'adi, galibi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, ko shekara huɗu zuwa biyar. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano, bai san tarihinta ba, gara ya canza shi tun ranar farko, tare da boris ɗin da ke ɗame shi, ya sa bakanike ya duba famfon ruwa, sannan ya rubuta kwanan wata da fenti a cikin bonet.

Yadda ake gaggawar gyara salansa a manta da bel, haka muke yi a gidajenmu. Mai yawan ƙorafi shi ake fara sallama, don a huta da bakinsa. Amma akwai uwargidan da ba ta taɓa kai ƙara ba, da babban ɗan da ke ɗauke da nauyin ƙannensa, da yaron shagon da ya shekara goma bai nemi ƙari ba. Su ne ke riƙe da tafiyar gidan, kuma su ne aka fi mantawa. Ranar da haƙurinsu ya ƙare, sai a ce abin ya zo ba zato, alhali ya daɗe yana cin su.

Rashin kuka ba shi ne lafiya ba. Maigida ya sa wa kansa lokacin da zai zauna da masu kawaicin gidansa, ya tambaye su abin da ke damunsu, ya kuma biya musu buƙata tun ba su roƙa ba.